Ƙuri'a da ra'ayin jama'a: yadda lissafin yake tafiya in aka duba daga Maraɗi

A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasar Nijar, ranar 27 ga Disamba 2020, Bazoum Mohamed na PNDS-Tarayya ya samu kashi 39 da 'yar ɗoriya cikin ɗari. Seini Oumarou na MNSD-Nassara ya samu kusan kashi 9, Albadé Abouba na MPR-Jamhuriya ya tashi da kashi 7. Kafin zagaye na biyu, waɗannan biyun suka fito suka ce wa magoya bayansu su zaɓi Bazoum. Tara lissafin da kanka: 39 da 9 da 7, 55 ke nan. Ranar 21 ga Fabrairu 2021 aka koma rumfunan zaɓe, kotun tsarin mulki kuma ta tabbatar wa Bazoum kashi 55.66. Mahamane Ousmane, da ya zo na biyu, bai yarda da sakamakon ba, ya ce shi ya ci.

A ajiye gardamar wa ya ci tukuna. Abin dubawa shi ne yadda ƙuri'u dubbai suka tashi daga hannun wannan suka faɗa hannun wancan kusan ba tare da ko ɗaya ta zube ba, don kawai shugabannin jam'iyyu sun zauna a Yamai sun sa hannu a takarda. Mai kallo daga nesa zai ce ashe talakan Nijar ba shi da ra'ayin kansa, inda aka kaɗa shi nan yake bi. Wannan fahimta ce ta wanda bai zauna da mutane ba. Talaka yana da ra'ayi, kuma yana da lissafi mai kaifi. Sai dai tsakanin abin da ke ransa da lambar da ake karantawa a rediyo akwai doguwar hanya, kuma a kowane zango ana rage wani abu ko a ƙara.

Mu fara da dokar kanta. Tun tsarin mulkin da aka amince da shi a Disamba 1992, bayan babban taron ƙasa na 1991, har zuwa juyin mulkin soja na 2023, ba a zama shugaban ƙasar Nijar sai an haura rabin ƙuri'un da aka kaɗa. In babu wanda ya kai, na ɗaya da na biyu su sake karawa. Mu a Maraɗi da muke bin siyasar Najeriya kamar ta gidanmu, sau da yawa muna mance cewa can ba haka ake yi ba. A can, wanda ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi, ya ci. Bola Tinubu ya hau mulki a 2023 da ƙasa da kashi 37. Da a Nijar ne, da wannan lambar tikitin zagaye na biyu kawai za ta ba shi, kuma da sauran 'yan takara sun samu damar haɗa masa kai.

Haka aka yi wa Tandja Mamadou a 1993. Shi ya zo na ɗaya a zagayen farko da kashi 34, Ousmane na CDS-Rahama yana biye da kusan 27. Amma Mahamadou Issoufou mai kusan kashi 16 da Moumouni Adamou Djermakoye mai kashi 15 suna cikin ƙawancen AFC tare da Ousmane, ƙawancen da babban abin da ya haɗa shi shi ne kada tsohuwar jam'iyyar gwamnati, wato MNSD ta Tandja, ta dawo. A zagaye na biyu Ousmane ya ci da kashi 54. A 1999 abin ya juya: Ousmane ya zo na uku da 'yar tazara kaɗan bayan Issoufou, ya miƙa hannunsa ga Tandja, Tandja ya ci da kusan kashi 60. A 2011 Hama Amadou ne ya zo na uku da kusan kashi 20, ya bi Issoufou, Issoufou ya ci Seini Oumarou da kashi 58. Ko a 2016, da PNDS ta sha alwashin gamawa da bugu ɗaya tun zagayen farko, Issoufou ya tsaya a kashi 48. Zaɓe ɗaya tak aka taɓa cewa an ci a zagayen farko tun da aka buɗe siyasar jam'iyyu, na 1996, kuma za mu zo kan yadda aka yi shi.

Me ya sa babu mai kai rabi shi kaɗai? Saboda kafin a rusa jam'iyyu a 2025, kowace babbar jam'iyya tana da gida. Tawa ta PNDS ce tun fil azal, Damagaram tana bayan Ousmane ko da wace riga ya sa, Dosso ta daɗe da ANDP-Zaman Lahiya, Yamai da Tilaberi suka zama na Hama Amadou bayan ya kafa jam'iyyar Lumana. Gidan kowa yana ba shi tushe, amma ba ya kai shi fada.

A nan ne Maraɗi take da nauyin da ya wuce na sauran. Ƙidayar 2012 ta ba jihar mutum miliyan 3.4, tana bayan Damagaram mai miliyan 3.5, tana gaban Tawa mai miliyan 3.3, a ƙasar da duka-duka aka ƙirga miliyan 17. Tawa da Damagaram kowa ya san inda suka fi karkata tun kafin a buga takardun zaɓe. Maraɗi kuwa ba ta taɓa zama mallakar mutum ɗaya ba. MNSD da CDS sun yi ƙarfi a nan, daga baya PNDS ta shigo da nata. 'Ya'yan jihar sun gwada tasu: Amadou Cheiffou, ɗan Kornaka, wanda ya yi firaministan riƙon ƙwarya bayan babban taron ƙasa, ya fice daga CDS ya kafa RSD-Gaskiya a 2004. Ibrahim Yacouba ya kafa MPN-Kiishin Kassa, Kassoum Moctar da ya yi magajin garin Maraɗi ya kafa CPR-Inganci. Babu ɗayansu da ya iya kulle jihar a aljihunsa. Shi ya sa lokacin kamfe jerin motoci ba ya yankewa daga Tasawa zuwa Gidan Runji, daga Madarunfa zuwa Dakwaro. Wasu na ganin wannan rarrabuwar ita ta hana jihar fitar da shugaban ƙasa ta akwati. Ni ina ganin ita ce kuma ta sa kowa ke zuwa da hula a hannu.

Yanzu ga tambayar da ta fi wuya: me ya sa mutumin ƙauye a Mayahi ko Gazawa yake bin umarnin ƙawance? Sai mun duba abin da jam'iyya take nufi a wurinsa. Bai taɓa ganin kundin manufofinta ba, kuma in ya gani da Faransanci aka rubuta, a ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin uku na manya ne kawai ke iya karatun boko. Jam'iyya a wurinsa mutum ce mai suna da gida. Shi ne wanda ya je ya fito masa da ɗansa lokacin da jandarmomi suka tsare shi, wanda ya sa sunan garinsu cikin masu samun takin zamani ko hatsi mai rahusa, wanda ya biya kuɗin magani ranar da matarsa ta kwanta asibiti. Wannan mutumin yana da nasa uban gidan a babban garin gunduma, shi ma yana da nasa a Maraɗi, watakila wani alhaji mai manyan motoci, shi kuma yana da ƙofar da yake bugawa a Yamai. In shugaban jam'iyya ya shiga ƙawancen da ya ci, za a ba jam'iyyar ministoci da daraktoci, igiyar ta ci gaba da ɗauko ruwa. In ya faɗi, shekara biyar ke nan ta ƙishirwa. Manomin da ya bi umarni ya san duk wannan. Abin da ya zaɓa shi ne kada ƙofar da ya sani ta rufe.

Wannan ra'ayi ne, kuma ra'ayin mai hankali. Matsalarsa ita ce ba ya amsa tambayar da ake cewa zaɓe ya amsa. Idan aka ce kashi 55 sun zaɓi wane, sai a fassara shi da cewa kashi 55 sun yarda da manufarsa kan tsaro, kan sojojin waje, kan makaranta, kan farashin kaya. Alhali da yawansu amsar da suka ba ita ce ta wata tambaya daban: wa zai ɗauki wayata in na shiga uku?

Kuma biyayyar ba cikakkiya ba ce kullum. A 1993 in ka tara ƙuri'un Ousmane da Issoufou da Djermakoye za ka samu kusan 58, amma 54 aka gani. A 1999 Tandja da Ousmane a haɗe ba su kai 55 ba, sai ga shi Tandja ya tashi da kusan 60, ma'ana wasu sun saɓa wa shugabanninsu sun bi shi. A 2021 lissafin ya fito daidai a takarda, amma masu fitowa zaɓe sun ragu daga kusan kashi 70 zuwa kusan 63. Wanda ba ya son saɓa wa uban gidansa, ba ya kuma son wanda aka ce ya zaɓa, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya tafi kasuwa ranar.

Rinjayen da aka ɗinka da ƙawance yana da saurin yagewa. AFC ba ta yi shekara biyu ba: a Satumba 1994 Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista, PNDS ta koma gefen MNSD, aka rusa majalisa, zaɓen Janairu 1995 ya ba 'yan adawa rinjaye. Ousmane ya zauna da Hama Amadou a matsayin firaministan da ba ya so, aikin gwamnati ya cije, har Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka ranar 27 ga Janairu 1996. A 2013 Hama ya raba gari da Issoufou, mutumin da ya taimaka ya hau. Ibrahim Yacouba da ya yi zaɓen 2020 a ɓangaren adawa ya shiga gwamnatin Bazoum a 2022. A duk waɗannan sauye-sauyen babu wanda ya koma ya tambayi masu ƙuri'ar da aka yi cinikin da su.

Batun kuɗi kowa ya san shi, ba sai an daɗe a kai ba. Turmin atamfa ga ƙungiyoyin mata, sukari da ganyen shayi ga fadojin samari, man fetur ga 'yan kabu-kabu su cika mitin da ƙara, jaka guda ko biyu a daren zaɓe. Maganar da ake yi wa juna ita ce “karɓi kuɗinsu, ka zaɓi ra'ayinka”, kuma mutane da yawa haka suke yi, suna karɓa daga jam'iyya uku su zaɓi ta huɗu. Wannan yana yiwuwa ne kawai in ƙuri'a asirce take. A tsarin da kowane ɗan takara ke da takardarsa daban, ka sa ɗaya a ambulan ka fito da sauran, mai saye yana iya cewa ka kawo masa ragowar ya ga wacce ta ɓace. Takarda guda mai ɗauke da hotunan duka 'yan takara ta toshe wannan ƙofar a zaɓen shugaban ƙasa. Amma asiri yana ƙarewa ne a kan mutum ɗaya. Sakamakon rumfa ana karanta shi a bainar jama'a, kuma a ƙauyen da rumfa ɗaya ce, kowa ya san yadda garin ya yi zaɓe. Mai gari ya san za a tambaye shi. Doka ta ce sarakunan gargajiya su tsaya tsakiya, amma su ma ɓangare ne na hukuma, kuma garin da yake jiran rijiyar burtsatse ba ya son a rubuta shi cikin masu taurin kai.

Akwai kuma waɗanda ra'ayinsu ba ya isa rumfa ko kaɗan. Rijistar zamani da aka yi don zaɓen 2020, mai hoto da zanen yatsa, ta ƙunshi mutum miliyan 7.4, a ƙasar da ake ƙiyasta mutanenta sun kai miliyan 24 a lokacin. Babban dalilin tazarar shi ne kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Amma ko cikin manya an bar wasu a baya, saboda rijista tana son takarda, mutanen karkara da yawa kuma, musamman mata, ba su da takardar haihuwa. Shi ya sa aka riƙa zagayawa da alƙalai ƙauyuka suna yanke wa mutane takardun kafin rijista. A 2016 wata hanya aka bi, wadda ta jawo rigima: wanda ba shi da katin shaida ya zo da mutum biyu su shaide shi, ya jefa ƙuri'a. Masu goyon baya suka ce in ba haka ba an hana talakan ƙauye haƙƙinsa, masu suka suka ce an buɗe ƙofar da mutum ɗaya zai yi zaɓe da sunan mutum biyar. Duka biyun suna da gaskiya, abin da ya sa maganar ba ta mutu ba.

Sai lokacin zaɓen kansa. Manyan zaɓuɓɓukanmu sun fi faɗowa tsakanin ƙarshen kaka da tsakiyar rani, lokacin da samarin karkarar Maraɗi suka riga suka tafi ci-rani, wasu Kano da Legas, wasu Agadas da wuraren haƙar zinariya, wasu har Libiya da Aljeriya. Katinsu yana gida, su suna can. A yankin Madarunfa da Gidan Runji kuma matsalar 'yan bindiga da masu satar mutane ta raba wasu da garuruwansu. A yamma abin ya fi muni: ranar zagaye na biyu na 2021 ma'aikatan hukumar zaɓe ta CENI bakwai suka mutu a jihar Tilaberi lokacin da motarsu ta taka nakiya. In ka cire duk waɗannan, Bazoum ya zama shugaban ƙasa da ƙuri'a kimanin miliyan biyu da rabi, Ousmane yana da kusan miliyan biyu. Wato mutum ɗaya cikin goma na 'yan ƙasa ne ya ɗora shugaban. Ba aibi ba ne a doka, haka yake a ƙasashe da yawa masu yara da yawa, amma ya kamata mai mulki ya riƙa tuna lambar kafin ya ce “jama'a ta ba ni”.

Zaɓen 'yan majalisa yana da nasa salon, kuma shi ne mutane suka fi rashin ganewa. A majalisar da sojoji suka rusa a 2023 kujeru 171 ne a doka: 158 na jihohi takwas, 8 na mazaɓu na musamman da aka ware don ƙananan al'ummu, irin ta Barmo a arewacin jiharmu, 5 kuma na 'yan Nijar mazauna waje. A jihohi ba mutum kake zaɓa ba, jerin sunayen jam'iyya kake zaɓa, a raba kujerun gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya a faɗin jihar. Amfanin wannan shi ne ƙaramar jam'iyya ma tana samun wakili, kuma shi ya sauƙaƙa aiki da dokar kason mata, wadda ta fara da kashi 10 a shekarar 2000, ta koma 15 a 2014, ta kai 25 a 2019. Illarsa ita ce depite, wato ɗan majalisa, ya fi tsoron wanda ya rubuta sunansa a jerin fiye da wanda ya jefa ƙuri'a. Mutumin Agye zai iya jefa ƙuri'arsa saboda ɗan garinsu da ya gani a fosta, ƙuri'ar ta taimaki wani ɗan wata gunduma da bai taɓa ji ba.

Ƙirga kuwa a rumfa ake fara shi, gaban wakilan jam'iyyu, a rubuta sakamakon a takarda kowa ya sa hannu. Daga nan takardar ta hau mataki-mataki har Yamai, CENI ta ba da sakamakon wucin gadi, kotun tsarin mulki ta yanke na ƙarshe. Tsarin yana da kyau a rubuce. Amma a 2020 rumfunan sun kusan kai 26,000. Jam'iyyar da take son ta tabbatar ba a cuce ta ba dole ta sa mutum mai iya karatu a kowace rumfa, ta ba shi abinci da kuɗin mota, ya zauna har dare, ya dawo da kwafin takardar. A ganina a nan ne kuɗi yake yin aikin da ya fi na atamfa da sabulu. Wanda ba shi da wakili a rumfunan daji ba shi da hujjar da zai kai kotu, sai ihu. Wanda yake da su ko'ina kuma, ko ya ci da gaskiya, abokin hamayya ba shi da hanyar da zai gamsu. Bayan sakamakon 2021 an yi tarzoma a Yamai, aka yanke intanet ta waya kusan kwana goma, abin da bai ƙara wa kowa yarda da lambobin ba.

Tarihinmu ya koya mana kuma mu yi hattara da lamba mai ƙiba. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun ce a ƙi tayin Faransa na ci gaba da zama ƙarƙashin inuwarta. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa ƙarfinta, sarakuna da yawa suka juya masa baya, aka ce kashi 78 sun ce “i”, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 na masu rijista ba. A 1989 Ali Saibou ya samu sama da kashi 99, shi kaɗai ne a takarda. A Yuli 1996, ana tsakiyar zaɓe, Baré ya rusa CENI, ya naɗa wata hukumar, aka tsare abokan takararsa a gidajensu, aka ba shi kashi 52. A 2009 Tandja ya ce jama'a ce ta roƙe shi ya zarce, ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki da suka ce a'a, ƙuri'ar 4 ga Agusta ta ba Tazarce kashi 92. Wata shida bayan haka, ranar 18 ga Fabrairu 2010, sojojin Salou Djibo suka ɗauke shi, mutane kuma suka fito murna a tituna. A 2016 Issoufou ya samu kashi 92 a zagaye na biyu, saboda Hama Amadou ya yi takarar ne daga gidan yarin Filinge, 'yan adawa kuma suka ƙaurace. Ba sai an ce duk waɗannan lambobin ƙarya ba ne. Ana iya ƙirga ƙuri'a daidai, lambar ta kasa faɗin komai, in an riga an cire zaɓin da mutane za su yi.

To in babu zaɓe fa, da me ake sanin ra'ayin jama'a? Wannan tambaya ce ta yau, tun da sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023. Abu na farko da ake nunawa shi ne taro. Dubban mutane sun cika filin wasa na Seyni Kountché, an yi jerin gwano a manyan garuruwa, kuma duk wanda ya zauna a Maraɗi lokacin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da aka rufe iyakar Ɗan Isa aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ya san fushin da mutane suka nuna na gaske ne. Amma taro yana nuna zafin masu ra'ayi ne, ba ya nuna yawansu. Wanda bai yarda ba gida yake zama, babu mai ɗaukar hotonsa. Tazarce ta cika fili, masu adawa da ita ma sun cika. Haka saƙonnin murya na WhatsApp da shirye-shiryen kiran waya a gidajen rediyo: muryar mai waya da kuɗin kira da bakin magana ake ji, galibi namiji ɗan birni. Matar da ke daka a wani ƙauyen Dakwaro, wadda ƙuri'arta daidai take da ta kowane malamin jami'a, ba ta cikin wannan hira.

Hanya ta biyu ita ce binciken jin ra'ayi. Mai sayen wake a kasuwa ba ya zazzage buhu, ƙarfe yake sokawa sama da tsakiya da ƙasa ya duba abin da ya fito, in kuma ya tsaya a bakin buhu kawai, abin da mai kaya ya shirya masa zai gani. Haka binciken yake. Afrobarometer, da ke aiki a Nijar tare da cibiyar LASDEL, tana tambayar manya 1,200 da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a daga birni da ƙauye, maza da mata daidai, cikin harshen da suke ji, kuskuren lissafin kuma yana tsayawa wajen maki 3 sama ko ƙasa. Mutane suna raina 1,200 a kan miliyoyi, amma in an zaɓo su yadda ya kamata sun fi mutum dubu ɗari da suka kawo kansu. Binciken da aka yi a 2022 ya fito da abu biyu da suke kamar suna karo da juna: mafi yawan waɗanda aka tambaya sun ce dimokuraɗiyya ta fi kowane irin mulki, mafi yawa kuma sun ce soja na iya sa baki in zaɓaɓɓu suka yi wasa da amanar mulki. Wanda ya karanta rabi ɗaya zai ce 'yan Nijar sun gaji da zaɓe, wanda ya karanta ɗaya rabin zai ce ba za su taɓa karɓar soja ba. Mutum ɗaya yana iya riƙe duka biyun, kuma da yawa a fadojin Maraɗi haka suke: suna son a tambaye su, sun kuma gaji da yadda ake yi da amsarsu. Shi ma binciken yana da sharaɗi. Baƙo ne yake zuwa ƙofar gida da na'ura a hannu yana tambayar ra'ayinka kan masu mulki, kuma gaskiyar amsar tana bin yadda mai amsawa yake jin babu abin da zai biyo baya.

A Afrilu 2024 aka rusa majalisun da aka zaɓa na gari da na jiha, aka maye gurbinsu da waɗanda aka naɗa. A Maris 2025, bayan babban taron da aka yi a Yamai cikin Fabrairu, aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, aka ba Janar Tiani wa'adin shekara biyar da za a iya sauyawa gwargwadon halin tsaro, aka kuma rusa dukkan jam'iyyun siyasa. Wannan ya yanke igiyar da muka yi bayani a sama daga can ƙolinta. Mutanen da ke riƙe da ita a ƙauyuka da unguwanni suna nan, alhazan suna nan, buƙatar mai buga ƙofa tana nan. Abin da ya ɓace shi ne sunan da ake tara su a ƙarƙashinsa, da lissafin 39 da 9 da 7 da ake iya yi tun kafin a je rumfa.

Duk ranar da aka dawo zaɓe, da sabuwar rijista za a fara, don ta 2020 ta tsufa. In wa'adin ya kai 2030, waɗanda aka haifa daga 2003 zuwa 2012 duk sun isa jefa ƙuri'a, kuma kusan dukkansu ba su taɓa shiga rumfa ba. A jiha mai yawan haihuwa irin Maraɗi, wannan babban kaso ne na masu zaɓe. Ba su san babban taron ƙasa ba, ba su san AFC ba, Tazarce ma labari ne a wurin mafi yawansu, kuma babu wata tsohuwar jam'iyya da za ta iya cewa ta taɓa ƙirga su a cikin nata.